Gudina Tumsa, faston Habasha da ya ƙi gudu

Ƴan'uwa masu karatu, tarihin da muka kawo muku a wannan karo daga ƙasar Habasha ya fito. Labarin wani mutum ne mai suna Gudina Tumsa. Ɗan ƙauye ne, ɗan manoma. Kirista ne, kuma fasto, wato limamin majami'a. An haife shi a shekarar 1929. Gwamnatin soja ta kashe shi a shekarar 1979, yana da shekara 50 a duniya.

Wani zai ce: mu da muke Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, yawancinmu Musulmi, ina ruwanmu da faston Habasha? To, ga dalili. Wannan mutum magana guda ya riƙe duk tsawon aikinsa. Ya ce ɗan Adam ba a raba shi gida biyu. Yana da ciki, yana da hankali, yana da imani, kuma duka ukun suna bukatar kulawa. Ya ce bai kamata wani daga nesa ya zaɓa wa talaka wanda za a kula da shi da wanda za a bari ba. Ya faɗa wa masu kuɗin Turai wannan magana. Ya faɗa a zamanin sarki. Ya faɗa wa masu bindiga. Na ƙarshen nan su ne suka kashe shi.

Ƙasar da aka haife shi

Habasha tana gabas da mu. In ka bar Nijar, ka ratsa Cadi, ka ratsa Sudan, sai ka shiga cikinta. Babban birninta Adis Ababa. A can ne shugabannin Afirka suka kafa ƙungiyar haɗa kan Afirka a watan Mayu na 1963, shugaba Diori Hamani yana cikinsu. Malamanmu ma sun san sunan ƙasar tun da daɗewa, domin can ne Musulmin farko suka yi hijira, sarkinta Najashi, wanda yake Kirista, ya ba su mafaka.

An haifi Gudina a wani gari mai suna Boji, cikin lardin Wallaga, yamma ga ƙasar, wajen iyakar Sudan. Ƙasa ce mai tuddai da ruwan sama mai yawa. Ana noman masara da dawa da gahawa, ana kiwon shanu. Mutanen wurin Oromo ne. Su ne ƙabilar da ta fi kowace yawa a Habasha. Masana harsuna sun ce harshen Oromo da Hausa dangi ne na nesa, daga babban gida ɗaya suka fito.

Amma yawan nasu bai ba su mulki ba. Sarauta tana hannun mutanen arewa da tsakiyar ƙasa, kuma harshen fada shi ne Amhara. Da shi ake shari'a, da shi ake karatu a lakwal. Manoma da yawa a kudu da yamma ba su da gonar kansu. Suna noma ƙasar wani mai gari ko wani hakimi. In kaka ta yi, mai ƙasa ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, wani wuri ma rabi. A cikin irin wannan zama Gudina ya buɗe ido.

Su wane ne mabiya Luta?

Kiristoci ƙungiya-ƙungiya ne. Tsohuwar majami'ar Habasha, wadda ake kira Otodoks, ta fi shekara 1600 a ƙasar, kuma ita ce ta sarakuna. Gudina ba a cikinta yake ba. Shi yana cikin waɗanda ake kira mabiya Luta.

Martin Luta wani malamin addini ne na ƙasar Jamus. An haife shi a 1483, ya rasu a 1546. A zamaninsa ana karanta Littafi Mai Tsarki na Kirista da harshen Latin, wanda talaka ba ya ji. Luta ya fassara shi da Jamusanci. Ya ce manomi da matarsa da ɗansa su iya karantawa da kansu. Ya matsa wa masu mulkin garuruwa su buɗe makarantu, na maza da na mata. Saboda haka duk inda mabiyansa suka je, littafi da allo suna gaba.

Akwai su kusa da mu ma. A shekarar 1913 waɗansu mutanen ƙasar Danmak suka sauka a Numan, bakin kogin Binuwai, cikin ƙasar Adamawa ta Najeriya. Majami'ar da ta fito daga wannan aiki ta daɗe tana addu'a da waƙa da harshen Hausa.

Bawan da ya rubuta harshen Oromo

Kafin Gudina akwai wani mutum da ya share masa hanya. Sunansa Onesimos Nasib. Shi ma Oromo ne. Tun yana ƙaramin yaro ƴan samame suka sace shi, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har ya kai bakin Bahar Maliya. A garin Masawa wani Bature ya ƴanta shi, ya miƙa shi ga masu wa'azi na ƙasar Suwidin, waɗanda suka sauka can a 1866. Suka sa shi makaranta. Daga baya suka aika shi Suwidin ya ƙaro ilimi.

Onesimos bai manta da harshen uwarsa ba. Ya zauna shekara da shekaru yana fassara Littafi Mai Tsarki da Oromo. Wata mace mai suna Aster Ganno, wadda ita ma daga bauta aka ƴanto ta, ta taimake shi ƙwarai. Ta fi shi sanin kalmomin gida, ta kuma tattara karin magana da tatsuniyoyi da waƙoƙin mutanensu. An buga littafin a 1899. A 1904 Onesimos ya koma Wallaga yana koyarwa, har ya rasu a 1931.

Garin Boji yana cikin wuraren farko da aka fara karanta waɗannan littattafai. Ke nan lokacin da aka haifi Gudina, akwai tsofaffi a garinsu da suka riga suka ga harshensu a kan takarda. Ku da kuka fara karatu da girma kun san daɗin wannan abu. Ranar da mutum ya karanta maganar gidansu a rubuce, ba ya mantawa da ita.

Sai dai gwamnatin Sarki Haile Selasiye ba ta so haka ba. A 1944 ta yi doka cewa makarantun mishan su koyar da harshen Amhara. Yaron Oromo ya shiga aji, malam ya yi masa magana da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Da haka Gudina ya yi karatunsa.

Daga ɗakin magani zuwa majami'a

Gudina ya yi makarantar mishan a garin Najo. Daga nan ya tafi Naƙamte, babban garin lardin, ya koyi aikin jinya a asibiti. Yana wanke gyambo, yana ɗaure rauni, yana ba da magani. A wajen aikin nan kuma yana wa'azi. Tun daga nan ya ga abin da zai riƙe har mutuwarsa. Majinyaci yana zuwa da ciwo a jiki, amma yana zuwa da tsoro a zuciya, da bashi a wuya, da yunwa a gida. Allura kaɗai ba ta isa ta warkar da duk wannan ba.

Ya auri wata yarinya mai suna Tsehai Tolesa. Ku riƙe sunanta, za mu sake haɗuwa da ita.

Jama'ar Naƙamte suka ga yana da baki, yana da riƙon amana. Aka mai da shi Najo ya yi karatun addini daga 1955 zuwa 1958. A 1958 aka naɗa shi fasto, ya koma Naƙamte ya riƙe majami'ar garin. Kafin lokacin, irin wannan aiki yawanci a hannun Turawa yake.

A watan Janairu na 1959 majami'un mabiya Luta da suke warwatse a Habasha suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya. Suka sa mata suna Makane Yesus, wato mazaunin Yesu. A lokacin mutanenta wajen 20,000 ne. Ƙungiyar ta aika Gudina ƙasar Amurka, ya yi karatu a birnin Sen Pol daga 1963 zuwa 1966. Da ya dawo aka zaɓe shi babban magatakarda na majami'ar duka. Shi ke riƙe da aikin yau da kullum. Ya yi shekara 13 a kan wannan kujera. Shugaban majami'ar a wancan zamani wani dattijo ne mai suna Emanuwel Abraham, wanda ya taɓa zama jakada da minista a gwamnatin sarki.

Karatun manya da gidan rediyo

Ayyuka biyu na wancan zamani sun shafe mu.

Na farko yaƙi da jahilci ne. Tun 1962 majami'ar da abokan aikinta suka buɗe makarantun koyon karatu a ƙauyuka. Mutanen gari su gina ɗaki, a kawo malami da littattafai. Yara su zo da rana, manya su zo in an taso daga gona. Dubun dubatar mutane sun koyi karatu da lissafi ta wannan hanya. Amma da harshen Amhara aka koyar, domin doka ta hana wani harshe.

Na biyu gidan rediyo ne. A watan Fabrairu na 1963 ƙungiyar mabiya Luta ta duniya ta buɗe wani babban gidan rediyo a Adis Ababa, mai suna Muryar Bishara. Yana watsa shirye-shirye da harsuna da yawa zuwa Afirka da Asiya. Hausa tana ciki. A garin Jos na Najeriya ake haɗa shirin Hausa, a aika Adis Ababa, daga can a watso shi. Na Fillanci kuwa a Ngaundere ta Kamaru ake haɗa shi. Ba wa'azi kaɗai ake yi ba. Akwai labarun duniya, da maganar lafiya, da ta noma. Tsofaffin da suke da akwatin rediyo a wancan lokaci, waɗansu sun sha kama wannan tasha.

Wasiƙar 1972

Majami'ar Makane Yesus tana ƙaruwa da sauri. Ƙauye guda sai ya shigo gaba ɗaya. Amma ba isassun malaman da za su koyar da su. Kuɗin majami'ar kaɗan ne, domin mutanenta talakawa ne. Yawancin taimako daga Jamus da Suwidin da Norwe da Amurka yake zuwa.

Masu ba da taimakon nan suna da sharaɗi. In ka ce za ka gina asibiti, ko lakwal, ko gonar gwaji, kuɗi na nan. In ka ce za ka horar da malamin addini da zai zauna cikin ƙauyen, sai su ce wannan ba ya cikin tsarinsu. Su ne suke rubuta tsarin a ofisoshinsu na Turai. Mai karɓa kuwa ya bi, ko ya rasa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A watan Mayu na 1972 shugabannin majami'ar suka aika wasiƙa zuwa hedkwatar mabiya Luta ta duniya a birnin Janeba. Gudina yana kan gaba cikin waɗanda suka tsara ta. Ga abin da take cewa a taƙaice.

Da fari, ta ce Turawan da suka fara zuwa sun karkata gefe guda. Wa'azi suka sa gaba, magani da makaranta kuwa kamar tsaba ce da ake zuba wa kaza don a kama ta. Wannan bai dace ba, domin taimakon mai ciwo wajibi ne a kan kansa.

Na biyu, ta ce na yanzu sun karkata ɗaya gefen. Suna auna ci gaba da gini da inji da kuɗi kawai. Alhali a ƙasashensu da suka ƙoshi, mutane ba su rabu da damuwa ba.

Na uku, ta ce mutum shi ne ainihin ci gaba. In ba a gina hankalinsa da halinsa ba, ginin siminti ba zai daɗe ba.

Na huɗu, ta ce masu bukata su ne ya kamata su faɗi bukatarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari mu ba da misali da abin da kowa ya sani. A zo wani ƙauye a haƙa rijiya, a sa famfo, a ɗauki hoto, a tafi. Ba a tambayi mata inda suke so a haƙa ba. Ba a koya wa kowa gyara ba. Ba a kafa amintattun da za su riƙe kuɗin gyaran ba. Bayan shekara biyu famfon ya lalace, mata suka koma tafki. Ƙarfe yana nan tsaye, amma ruwa babu. Abin da ya rasa shi ne mutanen da suka ɗauki rijiyar tasu ce, masu ilimin gyara, masu tsoron Allah a kan dukiyar jama'a. Wannan shi ne abin da wasiƙar take nufi.

Wasiƙar ta yi tafiya mai nisa. An tattauna ta a manyan tarurruka na majami'u a ƙasashe da yawa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, mai karɓa ne ya ɗaga kai ya yi wa mai bayarwa gyara, cikin ladabi, ba tare da zagi ba. Gudina bai ce a kori baƙi ba. A shekarun nan waɗansu shugabannin majami'un Afirka sun ce a dakatar da karɓar taimako daga waje gaba ɗaya. Shi bai bi wannan ra'ayi ba. Ya ce a yi aiki tare, amma majami'a ta shirya tsayuwa da ƙafafunta, kuma ita ce za ta yanke shawara a gidanta.

Yunwa da juyin mulki

Fari da ya same mu a 1973 ya sami Habasha ita ma. A lardunan Wallo da Tigirai damina ta ƙi, shanu suka mutu, mutane suka bar gidajensu suka zube bakin hanya. Dubun dubata suka rasu. Manyan gwamnati suka ɓoye labarin don kada sarki ya ji kunya. Da hotunan suka fito duniya ta gani, sai ƴan makaranta da ma'aikata da sojoji suka tashi.

A nan Nijar sojoji sun karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. A Habasha kuwa sun tuɓe Sarki Haile Selasiye ranar 12 ga Satumba na wannan shekara. Ƙungiyar sojojin da ta hau ana kiranta Darg, wato kwamiti.

Tun sarki yana kan gado, majami'ar Gudina ta roƙi majalisar ƙasa ta gyara dokar gona, don manomi ya huta da zaluncin masu ƙasa. Ba a yi ba. A watan Maris na 1975 sojoji suka yi doka, suka karɓe ƙasa daga hannun manyan masu gonaki, suka ce mai noma shi ke da ikon cin amfaninta. Kowane gida ba zai wuce eka 10 irin ta faransa ba, wato hekta 10. Manoman Oromo suka yi murna.

Gudina bai yi gaba da wannan canji ba. A farkon 1975 majami'ar ta fitar da takarda zuwa ga mabiyanta. Ta ce tana goyon bayan adalci, da raba arziki, da ɗaga talaka. Ta ce tana shirye ta yi aiki da sabuwar gwamnati a kan lafiya da ilimi. Amma ta ƙara da cewa ba wata aƙidar siyasa da za ta ɗauki matsayin imani da Allah.

Nan ne hanya ta rabu. Sojojin sun ɗauki aƙidar gurguzu irin ta Tarayyar Sobiyet, wadda take cewa addini yaudara ce. Ga su nan su ma sun raba mutum biyu. Sun ce za su ba shi gona da burodi, amma ya miƙa musu zuciyarsa da bakinsa.

A watan Fabrairu na 1977 Kanar Mangistu Haile Mariyam ya kashe abokan hamayyarsa cikin kwamitin, ya riƙe mulki shi kaɗai. Ranar 12 ga Maris 1977 gwamnati ta ƙwace gidan rediyon Muryar Bishara. Daga nan aka shiga zamanin da su da kansu suka kira Jan Ta'addanci. Ana kama samari da ƴan mata ƴan makaranta, a harbe su, a bar gawa bisa titi don mutane su gani. Dubbai sun mutu a Adis Ababa da sauran garuruwa. An rufe majami'u a wurare da yawa, an ɗaure fastoci. Shugaban tsohuwar majami'ar Otodoks, Abuna Tewofilos, tun 1976 yake tsare.

Kamu biyu

A 1976 Gudina ya jawo majami'u daban-daban suka kafa majalisar haɗin kai, aka zaɓe shi shugabanta. Gwamnati ba ta ji daɗi ba. Mai mulkin kama-karya ba ya son ganin mutane sun haɗu a inuwar da ba tasa ba. Ban da haka, ƙanensa Baro Tumsa yana cikin shugabannin masu fafutukar ƴancin Oromo. Sai zargi ya ƙaru a kan gidansu.

Gwamnati ta so ta yi amfani da sunansa. Ta nemi ya shaida wa mutanen Turai cewa addini yana da ƴanci a Habasha, don kada taimako ya yanke. Ya ƙi. Ya san fastocinsa suna kaso. Ba zai je ya ce lafiya lau ba.

A watan Oktoba na 1978 aka kama shi. Ya yi kusan wata guda a tsare, aka sake shi. A farkon watan Yuni na 1979 aka sake kama shi. Wannan karon abokansa na waje suka tashi tsaye. Shugaban mabiya Luta na duniya a lokacin ɗan Tanzaniya ne, Bishop Josiya Kibira. Aka kai kuka wurin shugaban Tanzaniya, Juliyus Niyerere. Niyerere ya sa baki, aka saki Gudina bayan mako uku.

Niyerere ya san halin masu mulkin Adis Ababa. Ya aika cewa ƙofar Tanzaniya a buɗe take, Gudina ya fito da iyalinsa tun da sauran lokaci. Kowa ya gane kamu na uku ba shi da dawowa. Gudina ya ƙi. Ya ce jama'arsa suna nan, majami'arsa tana nan. Ya sha roƙon fastocin ƙauye su tsaya a bakin aikinsu cikin wahala. Da wane ido zai dube su in shi ya hau jirgi? Makiyayi ba ya barin garke a lokacin da kura ta shigo.

A cikin ƴan kwanakin da suka rage masa ya rubuta takardarsa ta ƙarshe, a kan matsayin Kirista cikin al'umma. Ya ce mai imani ya biya haraji, ya bi doka, ya yi aiki don ƙasarsa ta ci gaba. Amma in hukuma ta umurce shi ya yi abin da ya saɓa wa Allah, a nan biyayya ta ƙare, ko da za a kashe shi.

Daren 28 ga Yuli

Ranar Asabar, 28 ga Yuli 1979, da maraice, Gudina ya koyar a majami'ar unguwar Ura'el cikin Adis Ababa. Da aka tashi ya fito tare da matarsa. Waɗansu mutane masu farin kaya ɗauke da makamai suka tare su, suka tura su cikin mota. Tsehai aka sauke ta a gefen gari. Shi kuwa aka wuce da shi. A daren nan aka shaƙe shi har ya mutu, aka binne shi a ɓoye.

Gwamnati ba ta ce ta kama shi ba, ba ta ce ta kashe shi ba. Iyalinsa suka yi ta nema daga wannan ofis zuwa wancan. Babu gawa, babu kabari, babu zaman makoki. A cikin wannan shekara aka kashe Abuna Tewofilos shi ma a ɓoye.

A farkon 1980 aka kama Tsehai. Aka yi mata duka da azaba mai tsanani. Ta yi kusan shekara 10 a gidan kaso, ba a taɓa kai ta gaban alƙali ba. A cikin kason ta riƙa jinyar waɗanda aka azabtar, tana ƙarfafa musu zuciya. A 1981 gwamnati ta ƙwace babban ofishin majami'ar a Adis Ababa.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Mayu na 1991 mulkin Darg ya faɗi, Mangistu ya gudu ƙasar Zimbabuwe. Aka fara tona wuraren da aka binne mutane. A 1992, shekara 13 bayan kisan, aka gano ƙasusuwan Gudina, aka yi masa jana'iza a gaban jama'a. A 2006 kotun Habasha ta sami Mangistu da laifin kisan ƙare dangi, ba ya nan aka yi shari'ar. Tsehai ta rayu har 2014.

Abin da ya bari

Sojoji sun zaci in sun kashe makiyayi garke zai watse. Ba haka aka yi ba. Da aka rufe majami'u, mutane suka koma taruwa cikin gidaje. Majami'ar da ta fara da wajen mutum 20,000 a 1959 ta wuce miliyan 10, ta zama mafi girma cikin majami'un mabiya Luta a duniya. Taken aikinta shi ne hidima ga mutum gaba ɗayansa, kuma daga wasiƙar 1972 ya samo tushe. Ƴaƴan Gudina mata sun kafa gidauniya da sunansa. Ta tattara rubuce-rubucensa ta buga, ta kuma yi aikin makarantu da taimakon makiyaya da makafi. Harshen Oromo kuwa, bayan 1991 ya shiga lakwal, ana rubuta shi da haruffan boko irin waɗannan da kuke karantawa.

Waɗansu suna kwatanta shi da wani fasto na Jamus mai suna Bonhofa. Shi ma ya sami mafaka a Amurka a 1939, ya koma gida don ya zauna da mutanensa, gwamnatin Hitila ta rataye shi a watan Afrilu na 1945.

Ƴan'uwa, ba mu kawo wannan tarihi don wani ya bar addininsa ba. Kowa da nasa. Mun kawo shi ne domin tambayoyin da Gudina ya yi suna nan a ƙofar gidanmu. In baƙi sun zo garinku da taimako, wa ke faɗin abin da gari yake bukata? Kuna da waɗanda suka iya karanta takardar kafin mai gari ya sa hannu? In an ba ku amanar kuɗin ƙungiya, ko ta rumbun tsimi, wa zai tsaya a kanta ranar da mai ƙarfi ya miƙo hannu?

Gudina ya fara ne da koyon baƙaƙe a makarantar ƙauye, kamar yadda kuka fara. Karatun nan ne ya ba shi ikon rubuta wa Janeba wasiƙa, har manyan duniya suka zauna suka saurara. Ku tattauna wannan labari a wurin karatunku, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Allah ya ba mu shugabanni masu tsayawa da jama'arsu a ranar wuya. Amin.